Idan Bature ya ce "sin", zunubi yake nufi ko wani abu daban?

Ummu_Safiyya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga masu Turanci da kuma malamanmu na addini, don abin ya taɓa ɓangarorin biyu.

Shekarata biyu ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila. Akwai wata Baturiya da muke aikin rana tare, za ta kai shekara sittin. Ran nan bayan an gama ba tsofaffin abincin rana, aka rage kusan rabin tire na dankali da kifi, ko taɓawa ba a yi ba. Dokar wurin a zubar. Tana juye shi a kwandon shara tana girgiza kai, ta ce, "It's a sin to throw this away." Nan take ta kwanta min a rai, na ce ashe mai tsoron Allah ce, ta san zubar da abinci zunubi ne. Bayan kwana biyu muna shan shayi na tambaye ta wane coci take zuwa. Ta ce rabonta da coci tun ranar aurenta, kuma ita ba ta ma yarda akwai lahira ba.

To a nan kaina ya ɗaure. Wanda bai yarda da hisabi ba, zunubin me yake magana? Tun daga ranar na fara kasa kunne, sai na ji kalmar ko'ina. Shugaban sashenmu ya ce shi ke tsara aikin dare "for my sins", yana faɗa yana murmushi. An kawo kek ranar bikin wata, aka ce "sinful" ne don daɗi. Jiya kuma 'yata mai shekara tara ta dawo daga makaranta ta tambaye ni ko cin cakulan zunubi ne, don ta ji malamarsu ta faɗa. Ƙamus dai zunubi ya ce. Me zan gaya wa yarinyar nan?

DanKofarMata:
Wa alaikumus salam. Zunubi ne, babu wata ma'ana. Sun daina jin tsoronsa ne kawai, shi ya sa suka mayar da shi abin wasa. Ki gaya wa yarinya kada ta saba bakinta da irin maganarsu.

Malam_Na_Zazzau:
Wa alaikumus salam Ummu Safiyya. Shekara goma sha tara ina koyar da Turanci a sakandare, kuma duk shekara sai wannan kalma ta kayar da ɗalibai a darasin fahimtar rubutu.

Asalinta zunubi ne, a nan DanKofarMata bai yi kuskure ba. Tsohuwar kalma ce, tun Turancin da ake yi fiye da shekara dubu da suka wuce ana cewa "synn", kuma 'yar'uwarta na nan a Jamusanci, "Sünde". Idan kika ji ta a coci ko a littafin addini, saɓa wa Ubangiji ake nufi. Amma kalmar ta daɗe da fitowa daga coci ta shiga kasuwa, kuma a kasuwa nauyinta ya ragu. Abokiyar aikinki da ta ce zubar da abincin "sin" ne, abin da take nufi shi ne: wannan asara ce, abin takaici ne, bai kamata ba. Da Bahaushiya ce sai ta ce, "Kai, wannan almubazzaranci da yawa yake." Shi kuma ogan naku, wannan salon Ingila ne tsantsa. Mutum na nufin an ɗora masa wani aiki mai wahala, sai ya yi kamar horo ne aka yi masa saboda wani laifin da ya taɓa yi. Ba ya nufin ya aikata komai. Sau da yawa ma hanyar nuna tawali'u ce, kada a ce yana taƙama da muƙami.

Na kek kuwa ma'anarsa daɗin ya yi yawa har mutum na jin kamar bai kamata ya ƙara ba. Mu ma muna da makamancinsa, ai mukan ce laifin daɗi ƙarewa. Babu wanda ya taɓa jin wannan karin maganar ya ɗauka za a kai daɗi gaban alƙali.

Hadiza_Kt:
Malam Allah ya ƙara basira. Misalin laifin daɗi ya warware min komai.

DanKofarMata:
Malam, da girmamawa, misalin bai zauna ba. Laifi muka ce, ba zunubi ba. Ka taɓa jin Bahaushe ya ce zunubin daɗi ƙarewa? Mun san kalmar da ake wasa da ita da wadda ba a wasa da ita.

Malam_Na_Zazzau:
Wannan gaskiya ne, kuma ka taɓo ainihin wurin. Mu muna da kalmomi da dama da muka raba wa aiki: zunubi, saɓo, laifi, alhaki, kuskure, aibi. Zunubi ya samu damar zama da nauyinsa ne saboda sauran sun ɗauke masa ƙananan kaya.

Gardi_Sani:
Bari in ɗan ƙara daga ɓangaren Larabci, tunda daga can muka aro tamu. Zunubi daga "zunub" ne, wanda a Larabci jam'i ne, tilonsa "zanb". Bahaushe ya ɗauki jam'in ya mayar da shi tilo, sannan ya sake yi masa nasa jam'in ya ce zunubai. Kuma Alƙur'ani bai tsaya a kalma ɗaya ba. Akwai ism, akwai haɗi'a, akwai sayyi'a, akwai ma'asiya, akwai fahisha, akwai junah. A Baƙara aya ta 219, da aka yi maganar giya da caca, "ismun kabir" aka ce. A Zumar aya ta 53, inda Allah ya ce yana gafarta zunubai baki ɗaya, "zunub" ɗin ce ta zo. Duk waɗannan idan mai fassara zuwa Turanci ya zo, mafi yawa "sin" zai rubuta, mu kuma mu ce zunubi ko laifi. To kun ga wajen yalwar kalmomi mu ma an fi mu.

Amma 'yar'uwa Ummu Safiyya, ni abin da ya tsaya min a labarinki daban ne. Matar nan ko ta sani ko ba ta sani ba, gaskiya ta faɗa. Allah ya ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, A'arafi aya ta 31. A Isra'i aya ta 27 kuma aka kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Sannan ga hadisin Nawwas ɗan Sam'an da Muslim ya ruwaito, wanda duk yaron Islamiyya ya haddace a Arba'una, cewa zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a zuci kuma ba ka so mutane su gani. Abin ya sosa mata zuciya, ta laluba bakinta, kalmar da ta samu ita ce ta kakanninta. Ni ban ga wasa a nan ba.

Bitrus_Wusasa:
Salama gare ku duka. Ni Kirista ne kuma Bahaushe, a gidanmu da Hausa muke addu'a. Ina roƙo a daina cewa "Turawa sun mayar da shi wasa" kamar kowa da kowa ne. Wanda ke zuwa sujada, ko a Ingila ko a Jos, idan mai wa'azi ya ce "sin" ba ya murmushi. A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala bugun farko a 1932 da aikin Dokta Walter Miller da abokan aikinsa, zunubi ake cewa, kalma ɗaya da ta 'yan'uwanmu Musulmi. Kuma mu ma muna da wannan rabon aiki da Malam ya ambata. A addu'ar da muke yi kullum mukan ce a gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. A Turanci ma wannan wurin bakin bai haɗu ba, wasu coci-coci na cewa "trespasses", wato ƙetare iyaka, wasu "debts", wato basussuka, wasu kuma "sins".

Wani abin da wataƙila zai burge Gardi Sani: kalmar Ibrananci da aka fi fassarawa da zunubi tushenta ɗaya da haɗi'a ta Larabci, kuma asalin ma'anarta a yi harbi a kuskure. Ta Girkanci ma, "hamartia", haka take. Ku dubi kalmarmu ta kuskure, ai ita ma haka ma'anarta take, maharbi ya harba ya kuskure.

Gardi_Sani:
Madalla Malam Bitrus, wannan na ƙaru. Haɗa'u a Larabci ma kishiyar dacewa ne.

Abu_Fatima99:
Malam Bitrus tambaya don neman sani, ba gardama ba. Me ake nufi da "original sin"? Na ji ana cewa wai jariri ma da zunubi ake haihuwarsa.

Bitrus_Wusasa:
A taƙaice koyarwa ce cewa saɓon da Adamu ya yi ya shafi zuriyarsa duka, kowa na zuwa duniya da halin karkata ga zunubi, yana bukatar ceto. Wanda ya fi shahara da shimfiɗa ta shi ne Augustine, kuma ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya yi bishop a Hippo, garin Annaba na yau, ya rasu a 430. Ɗariku sun bambanta wajen bayaninta. Katolika kuma suna raba zunubin da mutum ya aikata gida biyu, mai halakarwa da mai sauƙi.

Abu_Fatima99:
Na gode. Mu a Musulunci babu zunubin gado. Annabi Adamu ya tuba kuma an karɓi tubarsa, Baƙara aya ta 37, sannan wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, An'am aya ta 164. To kun ga ko a cikin addini ma, idan Kirista ya ce "sin" Musulmi ya ce "sin", wani lokaci ba daidai wuri ɗaya suka dosa ba.

Mai_Kula_Da_Zaure:
An gode wa Malam Bitrus da Abu Fatima da yadda suka yi maganar cikin mutunci. A ci gaba a haka. Tambayar dai kan kalma ce, kada mu koma muƙabala.

Zinariyar_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, kalmar ita ce "péché", kuma abin da ya samu ta Ingilishi ya same ta. Suna da "péché mignon", wato ɗan ƙaramin zunubi mai kyan gani, ana faɗa wa abin da mutum ba ya iya haƙura da shi, kamar zaƙi ko kilishi. Na taɓa jin wata malamarmu ta ce shayi ne nata, muka yi ta kallon juna, don a gida an koya mana cewa babu ƙaramin zunubi idan aka dage a kansa. Abin da na lura shi ne ko cikin 'yan boko na Nijar da ke faɗar wannan da Faransanci, ban taɓa jin wanda ya juya shi zuwa Hausa ya ce "ɗan zunubina" ba. Harshen bai yarda ba.

Injiniya_Bash:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ni inda na fara gamuwa da "sin" a kan kalkuleta ne, kusa da cos da tan. Wannan ba ruwanta da zunubi, gajarta "sine" ce, ana furta ta "sain". Amma tarihinta ya biyo ta ƙofar gidanmu. Masana lissafi na Indiya suna kiran wannan layi "jya" ko "jiva", wato tsarkiyar baka. Larabawa suka aro suka rubuta da jim da ba, daga baya aka riƙa karanta ta "jaib". Da aka zo fassara littattafan zuwa Latin a Andalus a ƙarni na 12, sai aka sa "sinus", mai nufin lanƙwasa ko ƙirjin riga. Ita wannan "al-jaib" ɗin ita ce aljihu da muke cewa. Ke nan abin da ya wahalar da mu a ajin lissafi ɗan'uwan aljihun rigarmu ne.

Hadiza_Kt:
Ikon Allah! To ga kuma ƙasar Sin da muke ji a rediyo kullum. Ƙanena da yake firamare ya taɓa tambaya ko don ba su da addini ne ake ce musu haka.

Malam_Na_Zazzau:
A'a Hadiza, wannan daga Larabci ne, "As-Sin", sunan Chaina. Haɗuwar sauti ce kawai. Tunda an zo nan bari in faɗi wata matsala da ta fi wannan damuna a aji. Mu Hausawa sautin "th" na Turanci yakan zame mana "s" ko "z". Sai yaro ya tashi zai ce "thin", wato siriri, ya ce "sin". Zai ce "think" ya ce "sink". Nakan sa su ɗora bakin harshe tsakanin haƙora su hura iska, su kalli bakin juna, har sai ya zauna. Ummu Safiyya ke da kike can, ki kula da wannan, kada ki yabi tsohuwa da rashin ƙiba ta ji wani abu daban.

Barista_Hauwa:
Ni ta fuskar aikina zan shigo. Bambancin da Turanci ya riƙe da ƙarfi shi ne tsakanin "sin" da "crime". Na farko tsakaninka da Ubangiji, na biyu tsakaninka da hukuma. Mu kuma laifi muke ce wa na biyun, amma laifi ya fi shi faɗi, tun daga yaron da ya fasa kofi har wanda ya yi kisa. Gulma zunubi ce babba amma ɗan sanda ba zai kama ki ba. Tuƙi da lasin da ya ƙare laifi ne a doka, ko zunubi ne kuwa, wannan sai malamai.

A Najeriya ma layin ba wuri ɗaya aka ja shi ba. Zina ga mai aure laifi ce a kundin Penal Code na Arewa, sashe na 387 da 388, ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tara ko duka biyun, kuma wannan tun kafin Zamfara ta fara aiki da dokokin shari'a a 2000. A kundin Criminal Code na Kudu kuwa ba laifi ba ce, sai dai ta zama hujja a shari'ar rabuwar aure. Ƙasa ɗaya, aiki ɗaya, a nan zunubi ne kuma laifi, a can zunubi ne kawai. Akwai kuma tsohuwar magana "living in sin", da ake faɗa wa mace da namiji masu zaman daduro. A Ingila ta yau da wuya ki ji an faɗe ta da gaske sai a bakin tsofaffi.

Sadiq_Gunners:
Masu kallon wasanni ma mun san ta. A rugby idan aka ba ɗan wasa katin gargaɗi, sai ya fita na minti 10 ya zauna a benci, wurin sunansa "sin bin". A Ingila sun shigo da shi ƙananan gasannin ƙwallon ƙafa tun kakar 2019, ga wanda ya yi wa alƙalin wasa rashin kunya. Sannan mai sharhi zai ce mai tsaron baya ya aikata "cardinal sin" don ya bar ƙwallo ta yi tsalle a gaban raga.

Fassara_Ce_Sanaata:
Sadiq ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Shekaruna ina fassara labarai zuwa Hausa, kuma wannan "cardinal sin" na sha ganin sababbin ma'aikata sun rubuta "babban zunubi". Mai sauraro a ƙauye ya ji an ce gola ya aikata babban zunubi, me kake so ya ɗauka? Babban kuskure ne, ko ka ce ya tafka kwaɓa. Haka "sin tax", harajin da ake ɗora wa taba da giya da caca. Ba na rubuta harajin zunubi, nakan ce harajin kayan da ke cutar da lafiya, ko in ambaci kayan da sunansu. Har naira 10 da aka sa wa kowace lita ta lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021 wasu jaridu da wannan sunan suka kira ta, to a ce shan lemo zunubi ne? Las Vegas kuma da suke ce wa "Sin City", nan kam ma'anar ta kusa da asali, birnin caca da sharholiya.

Ƙa'idata ita ce in tambayi kaina: wa aka saɓa wa a cikin jimlar? In Allah ne, zunubi. In doka ce, laifi. In ƙa'idar sana'a ce, kuskure. In ba a saɓa wa kowa ba, to zuzutawa ce, sai in nemo yadda Bahaushe ke zuzuta abu.

DanKofarMata:
Duk na karanta. Ban canza ra'ayi ba. Kalmar da ke nufin saɓon Allah ta koma sunan benci da kek, kuma a ce babu abin da ya lalace? Yaron da ya taso yana jin haka, ranar da aka ce masa abu zunubi ne, kek zai tuna.

Yaya_Rabi:
Ƙanina DanKofarMata, tsoronka yana da tushe, amma laifi tudu ne. Sau nawa ka ji "wallahi" yau? Mai tumatir zai rantse da Allah kan naira hamsin, yara na wasan langa suna wallahi tallahi. Sunan Allah da kalmar zunubi wanne ya fi nauyi? Muna ce wa yaro mai ƙiriniya shaiɗan, muna ce wa zafin watan Afrilu jahannama. Idan sassauta kalma alamar rashin tsoron Allah ce, to mu fara duba bakinmu.

Gardi_Sani:
Yaya Rabi ta faɗi abin dubawa. Malamai sun san da wannan, shi ne lagwu a rantsuwa, Baƙara aya ta 225, abin da ya zubo daga baki ba da ƙudurin zuci ba. An yi rangwame a kansa, amma ba a ce a mayar da shi ɗabi'a ba.

DanKofarMata:
Na yarda muna da namu. Amma mu idan aka tunatar da mu mukan ce astagfirullah.

Hajiya_Mai_Koko:
'Ya'yana, jikata ce ke rubuta min wannan. Ni ban san Turanci ba, amma a duk maganar nan an ambaci alhaki sau ɗaya an wuce, alhali ita ce kalmar da aka rene mu da ita. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ban cika jin ta ce zunubi ba, wannan kalmar malamai ce a wurin karatu. Ita alhaki take cewa. Idan tana sheƙe gero ƙwaya ta zuba ƙasa, sai ta durƙusa ta tsince ɗaya bayan ɗaya ta watsa wa kaji, ta ce kada alhakin hatsi ya kama mu. Tuwon dare idan ya kwana ɗumame ne da safe. Na gindin tukunya a kankare a shanya a kan faifai ya zama ƙanzo. Wanda ya rage bayan wannan na almajiri ne, yana nan tafe da ƙoƙonsa. Ban taɓa ganin tuwo a bola ba sai da na girma na zo birni.

Kuma alhaki ba a kan abinci kawai ba. Ka daki jaki fiye da kima, alhaki. Ka tauye mudu, alhaki. Ka sa marainiya kuka, alhaki. Zunubi kana iya tuba tsakaninka da Allah cikin dare, alhaki kuwa sai ka je ka nemi mai shi. Shi ya sa aka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ni a ganina Baturiyar nan alhakin abincin take ji. Ke 'yata, ki riƙe ta da kyau.

Hadiza_Kt:
Hajiya kin sa na tuna kakata har na yi ƙwalla. Allah ya jiƙan magabata.

Abu_Fatima99:
Amin. Wata tambayar kuma, "seven deadly sins" da ake yawan ambata, su ne manyan zunubai bakwai na hadisi?

Malam_Na_Zazzau:
Adadin ne ya zo ɗaya, jerin daban. Nasu ya samo asali daga sufayen Kirista na farko, Fafaroma Gregory na Ɗaya wanda ya hau a 590 ya tsara shi: girman kai, haɗama, sha'awa, hassada, zarin ci, fushi da kasala. Na hadisin Bukhari da Muslim, masu halakarwa bakwai: shirka, sihiri, kisan kai ba da haƙƙi ba, cin riba, cin dukiyar maraya, gudu daga fagen fama, da yi wa mata kamammu ƙazafi. In ka lura, na farkon halaye ne da ke cikin zuciya, na biyun ayyuka ne da ake aikatawa. Ina zaton zarin ci da ke cikin jerin nasu ne ya buɗe ƙofar da kek da cakulan suka shigo, masu talla kuma suka samu abin riƙewa. Wannan fahimtata ce.

Bitrus_Wusasa:
Ƙarin bayani kaɗan Malam, wannan jerin bakwai ɗin ba ya cikin Littafi Mai Tsarki a jere haka, koyarwar coci ce daga baya. Mu a cocinmu ba a cika ambatonsa ba.

Nura_Toronto:
Mu a Kanada idan aka ce kawo SIN ɗinka, lambar aiki ce mai alƙaluma 9 da gwamnati ke bayarwa, ba a ɗaukar ka aiki sai da ita. Sababbin zuwa su sani.

Ummu_Safiyya:
Na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya Mai Koko, na gode Mama, maganarki ce ta sa yau na sake zama da matar. Na tambaye ta a ina ta samo wannan magana. Ta yi shiru, sannan ta ce ta mahaifiyarta ce. Uwar ta taso lokacin yaƙin duniya na biyu, ana raba abinci da kati, kuma ba a daina rabon ba sai 1954. Ta ce uwarta ko ɓawon burodi ba ta yarwa, takan jiƙa shi da madara ta gasa musu. Duk ranar da take juye tiren nan, muryar uwar take ji. Na ba ta labarin ƙanzo da ɗumame, ta sa na maimaita mata "alhaki" sau uku har ta iya faɗa. Mun yi shawarar mu je wurin shugabanmu tare mu roƙi a rage yawan abin da ake dafawa, tunda ba a yarda a fitar da ragowar ba.

'Yata kuma na gaya mata cewa cakulan halal ne, malamarsu tana nufin ya yi daɗi da yawa ne, kuma Turawa na amfani da kalmar ta hanya biyu. Na ce idan muna Hausa, zunubi na abin da Allah ya hana ne kawai. Sai ta ce to idan tana Turanci fa, ta faɗa ko kada ta faɗa? Na ce ta bari in yi tunani.

DanKofarMata:
Kada ta faɗa. Akwai wasu kalmomin yabon abinci.

Yaya_Rabi:
Ni kuwa da zan bar ta, muddin ta san bambancin. Yarinyar da ta iya yin wannan tambayar ba za ta ruɗe ba.

Fassara_Ce_Sanaata:
Tun da Hajiya ta yi magana nake neman yadda zan mayar da alhaki zuwa Turanci da kalma ɗaya. "Sin" bai ɗauko mai haƙƙin ba, "guilt" ji ne a zuci kawai, "responsibility" kuma ya yi sanyi. Malam Na Zazzau, Barista, in kuna da wata ku taimaka, gobe da safe nake da aikin da ta fito a ciki.

Barista_Hauwa:
Turo jimlar gaba ɗaya mu gani, ya danganta da wanda aka zalunta a ciki.